Ofishin lauyoyin da suka fito min da ƙanina da motarmu daga kudu

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu motoci. Tun da wannan abu ya faru duk wanda na haɗu da shi a tasha ko a masallaci sai ya tare ni da tambaya, wai wane lauya muka ɗauka, nawa muka kashe, gaskiya ne suna aiki ko dai cin kuɗi ne kawai, to na gaji da maimaitawa shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Sunan ofishin ba zan saka ba, shi Baristan da kansa ya roƙe ni, ya ce ƙa'idar aikinsu ba ta son abin da zai yi kama da talla, ni ma kuma akwai inda zan faɗi gazawarsu, ba na son ya zama tonon silili. A nan cikin Kano suke, wajen Zoo Road, hawa na biyu a wani bene, kuma yawancin aikinsu shari'ar direbobin da aka kama a wata jiha ce.

Muna da babbar motar kaya ƙirar DAF guda ɗaya ni da ƙanina, shi yake ja ni nake riƙe lissafi. Lokacin kakar tumatir ne, yai lodi a Kwanar Gafan, kwanduna cike da mota kuma ba namu ba ne ko ɗaya, na mutum uku ne 'yan kasuwa da suka yarda da mu shekara da shekaru. Ya ɗau hanya lafiya, ya wuce Kaduna, ya kwana a Tafa, ya wuce Lokoja, sai ranar Alhamis wajen ƙarfe sha ɗaya na safe ina shago kira ya shigo da wata baƙuwar lamba, ina ɗagawa na ji muryar yaron motarsa tana rawa yana cewa Yaya an kama oga, sun ƙwace mukulli sun ƙwace wayarsa, wai mun bi wanwe, wato hannun titin da ba namu ba. Jihar da abin ya faru da hukumar da ta kama shi duk na bar su a cikina, a kudu ne dai.

Wallahi jikina sanyi yai. Don a Kano idan 'yan KAROTA, masu kula da dokar hanya na jiharmu, suka tare ka ko da laifinka ko babu, da Hausa za ai maka bayani, ka san inda ofis yake, kafin la'asar wani yayanka ko shugaban yuniyon ɗinku ya iso an san yadda za ai. Amma can fa? Yaron nan Turancinsa na sayen mai ne da tambayar hanya, bai san kowa ba sai dillalin da zai karɓi kaya, ga tumatir a rana. Bahaushe ya ce baƙo ko da ido makaho ne, ranar na gane maganar.

Wani ɗan kamasho a tashar Unguwa Uku ne ya ban lambar ofishin lauyoyin, ya ce sun taɓa fito da wani direban tirela na unguwarsu. Na kira sau ɗaya aka ɗaga, wannan shi ne abu na farko da zan yaba. Ba a ce min in zo in sayi fom ba, ba a ce oga yana mitin ba, sakatariyar ta ji kalmar an kama ta haɗa ni da Barista kai tsaye. Ni da nake jiran ya fara da maganar kuɗi, tambayar farko da yai min ita ce, Alhaji me ke cikin motar? Na ce tumatir ranka ya daɗe. Ya ce to shi za mu fara ceto, mutum yana iya kwana biyu a tsare ya fito da ransa amma tumatir ba ya jira. Sannan ya tambayi wane gari, wace hukuma, kakinsu wane launi, an kai shi caji ofis ne ko yadin ajiye motoci, ya sa hannu a wata takarda ko bai sa ba. Ya ce in kira yaron motar yanzun nan in gaya masa abu biyu, ya faɗa wa ogansa kada ya sa hannu a komai kuma kada ya amsa komai sai lauya ya zo, shi kuma ya hau acaɓa ya koma daidai inda aka tare su ya ɗauki hoto da bidiyo na titin ta kowane ɓangare kafin a canza wani abu.

Wannan hoton shi ya cece mu, zan dawo kansa.

Da na isa ofishin bayan azahar na tarar har ya riga ya yi magana da wani lauya abokin aikinsu da ke zaune a can garin. Ofishin ba wani ƙayatacce ba ne, kujerun roba, fanka ɗaya, fayil-fayil a kan kanta, amma a bangon bayan kujerarsa akwai taswirar Najeriya babba an bi manyan hanyoyi da jan biro, ta Lokoja da Okene, ta Mokwa da Jebba da Ilorin, ta Lafiya da Makurɗi, kowane gari an liƙa 'yar takarda da lambar waya. Ya nuna min da bakin biro ya ce waɗannan su ne jarinmu. Na tambaye shi me ya sa ba zai je da kansa ba, ko dai lauyan Kano ba ya iya tsayawa a kotun wata jiha? Yai murmushi ya ce duk lauyan da aka rantsar a Najeriya yana iya tsayawa gaban kowace kotu daga Sakkwato har Kalaba, amma idan na ce zan hau jirgi kuɗin tikiti da otal kaɗai sun fi tarar da ake magana a kai, kuma wancan ya san magatakardan kotun, ya san ranar da majistare ke zama, ya san yarensu, ni aikina in riƙe ka a nan in riƙe shi a can. Gaskiya wannan bayanin ya kwanta min, don na san wasu da za su karɓi kuɗin jirgin su yi shiru.

A nan ne ya zaunar da ni yai min karatun da ban taɓa samu ba duk shekarun da nai a harkar mota. Ya ce kuskuren direbobinmu shi ne suna ɗauka dokar hanya ɗaya ce a duk ƙasa. Ta 'yan rod sefti, wato FRSC da aka kafa a 1988, ita ce ta tarayya, tararsu a rubuce take kuma a asusun gwamnati ake biya ba a hannu ba. Amma bayan ita kowace jiha tana da tata dokar da tata hukumar, mu muna da KAROTA, Kaduna suna da KASTLEA, Legas suna da LASTMA tun shekarar 2000, kuma hukuncin laifi ɗaya yana iya bambanta kamar sama da ƙasa. Ya ba ni misali da Legas, ya ce a dokarsu ta sufuri ta 2018 wanda ya bi hannun da ba nasa ba ba tara kawai ke jiransa ba, kotu na iya ƙwace motar gaba ɗaya ta zama ta gwamnati, kuma ba barazana ba ce, a watan Satumba na 2022 sun yi gwanjon motoci 134 a Ikeja, ni ma na tuna bidiyon da ya yi ta yawo lokacin, mutane suna kuka suna kallon ana sayar da abin neman abincinsu. Ya ce to ka ga direban da ya saba da cewa wanwe abin a ba shi haƙuri ne ko a ci shi 'yar tara, idan ya je irin wannan wuri aka karanta masa caji da Turanci ya gyaɗa kai don a sallame shi da wuri, ya miƙa motarsa da hannunsa bai sani ba.

Na ce masa ai ni na ji a guruf ɗinmu na WhatsApp an ce kotu ta hana VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci, kama mota. Ya ce eh an yi hukuncin, Babbar Kotun Tarayya ce a Abuja a watan Oktoba na 2024, amma a kan na Abuja aka kai ƙarar, kuma ba a jima ba gwamnatin Legas ta fito ta ce su bai shafe su ba tunda suna da dokarsu ta jiha. Ya ce dan Allah ku daina tsayawa a titin garin mutane kuna musu da jami'i da hujjar saƙon murya na WhatsApp, musun a kotu ake yin sa.

Kafin magariba lauyan can ya je yadin ya rubuta takardar neman a bari a sauke kaya tunda kayan ba su da alaƙa da laifin da ake zargi kuma masu lalacewa ne. Ba a amince ba sai washegari da hantsi. Dillalin ya kawo ƙananan motoci aka juye, amma kwana ɗaya da wuni a rana ba wasa ba ne ga tumatir, na ƙasan duk ya yi ruwa, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Masu kayan Allah ya saka musu da alheri, biyu sun yafe, ɗaya muka raba asarar. Da an bi ta tamu da sai Litinin za a fara maganar, lokacin ko kwandon ba zai moru ba.

Ranar Juma'a aka kai shi gaban majistare. Ni ina Kano amma kamar ina wurin, don duk abin da ya faru lauyan can yana turo wa Barista, shi kuma yana juya min da Hausa ta saƙon murya, wani na minti ɗaya wani na minti uku, har yanzu suna cikin wayata ban goge ba. Caji biyu aka karanta, bin hannun da ba nasa ba, da kuma takardar lafiyar mota da ta ƙare. Kafin a tambaye shi ya amsa ko bai amsa ba lauyan ya miƙe ya ce ya mai shari'a wanda ake ƙara ba ya jin Turanci, muna neman tafinta. Ashe wannan haƙƙi ne ba alfarma ba, sashe na 36 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce dole a sanar da mutum laifin da ake tuhumarsa da harshen da yake ji, kuma a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba, kamar yadda sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Aka ɗage na awa biyu aka nemo tafinta. Ƙanina ya gaya min daga baya cewa a cikin motar da aka kawo su kotu akwai wani da ya yi ta ce masa da gurɓatacciyar Hausa, aboki kawai ka ce gilti ka biya ka tafi gida. Ya ce Yaya wallahi da ban ji saƙonka ba da na faɗa, don na gaji, ina son in ga Umma. Wannan maganar har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Bai amsa ba, aka ba da beli. To a nan ne ainihin wahalar take, kuma duk mai mota ya buɗe kunne. An ce mutum biyu su tsaya masa, mazauna yankin kotun, masu adireshin da za a je a gani, da shaidar biyan haraji. Ina direban Kano zai samo wannan ranar Juma'a da yamma a garin da bai san kowa ba? Kai a Kano kana da gida kana da shago kana da mutunci amma duk ba su da amfani, tunda ba a ƙarƙashin kotun kake ba. Haka ya kwana uku a gidan gyaran hali kan maganar titi. Umma ba ta ci abincin kirki ba a kwanakin nan, carbi kawai take ja, matarsa kuma ga ciki wata bakwai, kullum da asuba sai ta kira ni ta ce Yaya akwai labari?

Abin da ofishin suka yi a nan shi ne dalilin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba. Suna da alaƙa da fadar sarkin Hausawan garin da shugabannin kasuwar da motocinmu ke sauke kaya, Barista da kansa ya kira, ya haɗa ni da wani dattijo mai sayar da goro da ya shekara talatin a can, mukai magana ya tambaye ni unguwarmu da sunan mahaifinmu da wanda ya sanni a kasuwa, ya bincika ya gamsu sannan ya yarda. Ta biyun wata Hajiya ce mai gidan abinci a bakin tasha, ni da na ɗauka mace ba ta tsayawa beli, Barista ya ce wannan tsohon zance ne, doka ba ta hana ba. Ba su karɓi ko sisi ba. Ya kuma gargaɗe ni da 'yan bakin kotu masu sana'ar tsayawa mutane beli a biya su, ya ce idan takardunsu na bogi ne aka gano, sabuwar shari'a ce a kan ta farko. Ranar Litinin da la'asar ya fito.

Sai maganar hoto. Ashe gyaran titi ake a wurin, an toshe hannu ɗaya da manyan duwatsun kankare an mayar da motoci ɗaya hannun, shi kuma ya bi motocin gabansa, sai dai inda ya kamata a koma hannun asali babu allo babu mai tuta, ƙananan motocin 'yan gari da suka san wurin suka karya suka koma, shi da doguwar mota da lodi ya wuce wurin da 'yan mitoci kafin ya ankara. A bidiyon yaron motar ana ganin duwatsun, ana ganin babu wata alama, har wata motar ana gani tana yin irin kuskuren a lokacin da yake ɗauka. A zama na uku mai gabatar da ƙara ya janye cajin wanwe. Na takardar lafiyar mota kuwa Barista bai ɓoye min ba tun ranar farko, ya ce Alhaji wannan laifinku ne, ta ƙare da sati biyar, ba zan sa yaro ya yi ƙarya a gaban alƙali ba, ya amsa a roƙi sassauci. Ya amsa, aka ci tara, aka biya a banki aka ba mu rasit, aka ba da odar sakin mota.

Yanzu inda suka gaza, don amana ce in faɗa.

Maganar kuɗi ba su yi min ita a fili ba tun farko. An faɗa min kuɗin ofis na biya ta taransifa, na ɗauka shi kenan, ashe lauyan can kowane zama da kuɗin fitowarsa, ga kuɗin shigar da takardu, ga na zuwa duba adireshin masu beli, kowanne sai ya taso ake gaya min, a lokacin da ba ni da bakin cewa a'a. Ban ce sun cuce ni ba, duk abin da na biya an ban rasit kuma da na haɗa lissafi bai kai kuɗin tayoyi biyu na motar ba, amma mutumin da ke cikin tashin hankali yana buƙatar a ce masa ga abin da zai iya kaiwa gaba ɗaya don ya san inda zai nemo, ni sai da na ranci kuɗi wajen maƙocin shagona ranar Lahadi da daddare. Na faɗa wa Barista wannan ido da ido, ya karɓa ya ce za su gyara, ban sani ba ko sun gyara.

Na biyu, layin ofis ranar Asabar a kashe yake, na kira ya fi sau goma. Sai dare Barista ya kira ni da layinsa ya ba da haƙuri wai yana wajen ɗaurin aure a Gaya. Uzuri ne, amma masu cewa aikinsu direbobi ne ya kamata su san mota ba ta san Asabar da Lahadi ba, a samu yaro ɗaya mai riƙe waya ko da ba zai yi komai ba sai ya ce mun ji muna kai. Na uku, kuɗin janwe da na kwanan mota a yadi babu abin da suka iya yi a kai, kwana goma sha tara motar tai a can kuma kowace rana da kuɗinta, ina ganin da an matsa an nemi a sake ta tun zaman farko da sharaɗin za a kawo ta idan an buƙata da an rage mana asara, shi ya ce sun nema ba a ba su ba, to Allah ya sani.

Suna da wani tsari na shekara ga masu motoci, ka biya sau ɗaya a ba direbanka kati mai lambar da zai kira, kuma su duba maka takardu kafin su ƙare. Na shiga, amma ku karanta da kyau ko ku sa a karanta muku, don bai haɗa da hatsarin da aka rasa rai ba, wannan shari'a ce daban da kuɗinta daban. Ranar da na kai takardun yarinyar ofishin ta shigar da lambar motar a shafin NIID na intanet, inda ake duba ingancin inshorar mota, ta nuna min inshorarmu tana ciki, ta ce da yawa suna zuwa da takarda mai kyau a ido amma babu ita a kwamfuta, tun da aka ƙara kuɗin inshora a Janairun 2023, ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000, manyan motocin haya kuma 100,000, masu buga ta bogi suka samu kasuwa. Wanda kuma ba shi da halin ɗaukar lauya sam, Barista ya ce a nemi ofishin Legal Aid Council na jihar da abin ya faru, na gwamnatin tarayya ne kuma kyauta suke tsayawa marasa ƙarfi.

Idan maki zan ba su, huɗu cikin biyar ne, ɗayan na riƙe shi saboda maganar kuɗi da wayar Asabar. Motar ta dawo Kano ranar wata Laraba da daddare, batir ya mutu sai da aka sayi wani, madubi ɗaya babu, tamfol ya yage, yanzu tana garejin Ƙofar Ruwa ana duba birki. Ƙanina ya ce sati mai zuwa zai yi lodin wake a Dawanau, katin yana cikin aljihun gaban rigarsa tare da lasin, lambar kuma na sa yaron motar ya haddace ta da ka saboda ranar da za a sake karɓe waya.